Ranar da jirgin zuwa aiki ya tsaya: abin da ake yi a ɗakin kula, da dalilin shirun lasifika

Tambaya: Kullum a jirgin ƙasa nake shiga birni aiki. Ranar da aka samu tangarɗa sai a bar mu tsaye a dandamali, allo yana ta ƙara mintoci kaɗan-kaɗan, ma'aikacin tasha kuma ya ce shi ma bai sani ba. Wani lokaci ma jirgin ya zo ya wuce tasharmu bai tsaya ba. Shin kamfanonin nan suna da wani tsari na irin wannan rana kuwa, ko dai raina fasinja ne kawai?

Amsa: Malam, ma'aikacin nan da ya ce maka shi ma bai sani ba, galibi gaskiya ya faɗa maka. Tsari kuwa akwai shi, a rubuce ma. Inda kamfani ke fin kamfani shi ne saurin ɗauko shi a yi aiki da shi. Abin da na lura da shi a wannan sana'a, yawancin abin da fasinja ke kira rashin bayani tushensa rashin yanke shawara ne. Ɗakin da ke juya jiragen bai tsayar da abin da zai yi ba, don haka ba shi da abin da zai faɗa wa tasha, ita kuma tasha ba ta da abin da za ta faɗa maka.

Fara da dalilin da ƙaramar tangarɗa ke zama babba a jiragen jeka-ka-dawo. Da safe layukan da suka taso daga garuruwan kewaye duk tattaruwa suke yi su kwarara cikin 'yan layuka kaɗan na tsakiyar birni. A Munich ta Jamus, kusan duk layukan S-Bahn, wato jiragen birni da kewaye, ta rami ɗaya suke bi a ƙarƙashin birnin, wanda aka buɗe a 1972, kuma lokacin cunkoso jirage har 30 ke ratsa shi cikin awa ɗaya ta kowane ɓangare. Jirgi duk minti 2 ke nan. Idan ƙofar tarago ɗaya ta ƙi rufuwa har minti 10, jirage biyar sun jeru a baya, kuma jirgi ba ya kaucewa ya wuce na gabansa. Tsakanin New Jersey da tashar Penn ta New York ramuka biyu ne kacal a ƙarƙashin kogin Hudson, kowanne da layi ɗaya, tun 1910 suke aiki, ruwan gishiri kuma ya malale su a guguwar Sandy ta 2012. In duka biyun suna buɗe, jirage kusan 24 ke shiga a awa. In aka rufe ɗaya ba rabi ake komawa ba, wajen 6 ake komawa, domin masu shiga da masu fita sai sun yi ta jiran juna a layi guda.

Ga shi kuma jirgin da ya sauke ka a birni ba hutawa zai yi ba. Cikin 'yan mintoci zai juya ya zama jirgin wasu. Direbansa ma wataƙila zai sauka ya karɓi wani jirgin a wani dandamalin. Shi ya sa masu harkar suka raba jinkiri gida biyu: na asali, wanda matsalar ta jawo kai tsaye, da na biyo-baya, wanda jirage ke shafa wa junansu. A Birtaniya, inda ake lissafa mintocin jinkiri a ɗora su kan wanda ya jawo, na biyo-bayan ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa za ka ji an gyara matsala tun ƙarfe 8, kai kuwa har ƙarfe 11 jirginka a makare yake.

Abubuwan da ke tsayar da jirgi sanannu ne: ƙarfen canja hanya ya ƙi motsi, wayar lantarki ta sama ta tsinke, ɓarayi su yanke kebul, fasinja ya yanke jiki ya faɗi, a tsinci jakar da ba mai ita, wani ya shiga kan layi. Yanayi ma da nasa. Dogo na iya fin iska zafi da maki 20, ƙarfe kuwa in ya yi zafi miƙewa yake har ya karkace, sai a rage gudu. A ƙasashen sanyi ganyen kaka da ƙafafun jirgi suka niƙe yakan zama santsi har birki ya ƙi ci. Guda ɗaya nake so ka fahimta sosai, abin nan da ake yawan kira matsalar sigina. An ƙera tsarin ne yadda duk abin da ya lalace a cikinsa, ja fitila za ta nuna. Waya ta tsinke, ja. Na'urar da ke gane ko akwai jirgi a wani yanki na layi ta rikice, ja. Daga nan kowane direba sai ya tsaya a gaban fitilar, ya kira mai kula da sigina ta rediyo, a ba shi izini da baki, ya maimaita abin da aka faɗa masa, sannan ya lallaɓa a hankali. Layin da ke ɗaukar jirage 20 a awa sai ya koma ɗaukar 'yan ƙalilan. Da gangan aka gina wannan jinkirin, kuma ni ba zan so a cire shi ba.

To, wa ke da wuƙa da nama a irin wannan lokaci? Nan ma da sarƙaƙiya, domin a ƙasashe da yawa mai layi daban, mai jirgi daban. A Birtaniya Network Rail ke riƙe da dogo da sigina, kamfanonin jirage kuma su ɗauki fasinja. A Holan ProRail ke da layi, NS ke da yawancin jirage. Tashar Penn ta Amtrak ce, kamfanin jiragen fasinja na ƙasar Amurka, alhali yawancin masu bi ta cikinta fasinjojin kamfanonin jeka-ka-dawo ne, NJ Transit na New Jersey da Long Island Rail Road. Mai layi so yake a ba shi fili ya gyara, mai jirgi so yake kada a rufe masa hanya. Maganin da aka samo ba wani mai wuya ba ne: a zaunar da su ɗaki ɗaya. Holan ta buɗe irin wannan cibiya a Utrecht a 2010, inda mutanen ProRail da na kamfanonin jirage da na 'yan kwangilar gyara ke zaune suna ganin juna dare da rana.

A ce ƙarfe 7:40 na safe ƙarfen canja hanya ya maƙale a wata mahaɗa kusa da birni. Mai kula da sigina ya ga alama tana ƙyaftawa a allonsa, ya gwada sau biyu sau uku, shiru, ya kira ɗakin kula. Mai kula da kayan layi ya tura masu gyara, su ma a mota za su zo, cikin cunkoson safiya. Mai kula da taragu yana lissafin wane jirgi ne a ina, wanne ne dole ya kwana a gareji yau don dubawa. Mai kula da direbobi waya biyu ce a hannunsa. Can gefe ga mai rubuta sanarwa, yatsunsa a kan madannai, yana jiran wani ya juyo ya ce masa ga abin da za a yi. Kowa tambaya ɗaya yake yi: yaushe za a gyara? Babu kuma mai amsa, domin masu gyaran ba su iso ba, ba wanda ya san ko tsakuwa ce ta shiga tsakanin ƙarafa, aikin minti 5, ko injin ne ya ƙone, aikin awa 4.

A nan ake gane gwani. Shugaban ɗakin da bai goge ba zai ce a ɗan dakata a ji ta bakin masu gyara. Yana dakatawa jirage na ci gaba da tasowa suna cika layi, har ya zama kowane yanki da jirgi a tsaye, wasu a tasha, wasu tsakanin tasha da tasha. Gwani kuwa cikin mintoci kaɗan zai ƙaddara abin zai daɗe, ya ciro shirin da aka tanada domin wannan mahaɗar, ya ce shi za a bi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Holan irin waɗannan shirye-shiryen ɗaruruwa ne, kowanne yana cewa: idan layi ya toshe tsakanin tasha kaza da tasha kaza, jirage kaza a soke su, kaza su juya a tasha kaza, a dandamali kaza. Shirin da aka rubuta tun da wuri ba ya dacewa da ranar ɗari bisa ɗari. Amfaninsa shi ne kowa ya san shi, kuma ana iya faɗa wa fasinja shi cikin jimla biyu.

Dabarun kansu ba su da yawa. A juya jirgi kafin ya kai ƙarshen layi. A soke rabin jirage domin sauran su samu sarari. A bi da masu zuwa da masu dawowa ta layi ɗaya. A riƙe jirage a tashoshi, inda za a iya buɗe ƙofa, maimakon a bar su su maƙale a hanya. Sai kuma wadda ta ɓata maka rai, a sa jirgi ya tsallake tashoshi. Lissafinta haka yake. Jirgi ya makara minti 12, hutun da aka ba shi a ƙarshen layi kafin ya juya kuma minti 7 ne. In ya tsaya ko'ina zai juyo a makare, haka zai yini, kuma yana makara yana tarar da dandamali ya fi cika, lodi ya fi ɗaukar lokaci, latti ya ƙaru. In ya tsallake ƙananan tashoshi huɗu ya farfaɗo da mintocinsa. An sadaukar da ku, 'yan kaɗan, domin dubban da ke gaba. Ba na cewa kuskure ne. Sharaɗinsa biyu ne dai: akwai wani jirgin a baya kusa da zai kwashe ku, kuma an faɗa wa waɗanda ke ciki tun kafin tasha ta ƙarshe da za su iya sauka su canja. Wanda ya tsallake ba tare da waɗannan biyun ba, alƙaluman rahotonsa yake gyarawa.

Abin da ya fi wahalar warwarewa ba jirage ba ne, direbobi ne. Direba yana da iyakar awannin tuƙi da hutun dole, ba ya tuƙa layin da ba a tantance ya san shi ba, ba ya tuƙa irin jirgin da ba a horar da shi a kai ba. Bayan awa biyu na rikici za ka samu jirgi lafiyayye a dandamali, layi a buɗe, direbansa kuwa yana zaune a matsayin fasinja cikin wani jirgin da ya maƙale can baya. Saboda haka komawa daidai ya fi shiga rikicin wuya. Ranar Lahadi 3 ga Afrilu 2022 jiragen NS suka tsaya kusan yini guda, ba dogo ne ya lalace ba, ba wuta ce ta ɗauke ba. Tsarin kwamfutar da ke tsara jirage da ma'aikata ne ya faɗi. Kamfanin da bai san inda jiragensa da mutanensa suke ba, ba shi da yadda zai yi tafiya.

Akwai matsalar da ake hangowa, kuma a nan Japan ta koya wa mutane wani abu. A Oktoban 2014 kamfanin JR West ya sanar tun ana gobe cewa zai tsayar da jiragen yankin Osaka saboda guguwar da ke tafe. Ya sha suka, wasu suka ce ya yi azarɓaɓi. Ranar 30 ga Satumba 2018 JR East ya yi irin haka a Tokyo, ya tsayar da layukansa daga ƙarfe 8 na dare. Yanzu abin ya zama jiki: ofisoshi da makarantu su tashi da wuri, mutane su koma gida kafin iska ta iso. Holan ma idan ana sa ran dusar ƙanƙara takan rage jirage tun ana gobe. A Mumbai, inda mutane sama da miliyan 7 ke hawa jirgi a rana, ranar Lahadi ake rufe sassan layi don gyara, a sanar tun da wuri. Jadawali mai jirage kaɗan wanda za a cika ya fi mai jirage da yawa wanda zai watse da hantsi.

Batun bas kuwa, kada ka sa rai da yawa. Dogon jirgi ɗaya yakan ɗauki mutum sama da 1,000 lokacin cunkoso. Bas ɗaya 60 ko 70. Jirgi ɗaya kawai zai ci bas fiye da goma sha biyar, kuma da sassafe duk motocin garin da direbobinsu suna kan nasu aikin. Bas tana yin amfani a aikin da aka tsara, ko a ƙaramin reshe. A tsakiyar birni abin da ke ceto shi ne yarjejeniyar karɓar tikitin juna. A Tokyo mai tikitin wata-wata zai bi layin wani kamfanin ba tare da ƙarin kuɗi ba idan nasa ya tsaya. NJ Transit takan sanar cewa tikitin jirgi na aiki a bas ɗinta da jiragen PATH, wani layi daban da ke haɗa New Jersey da New York. Wannan ma tun kafin ranar ake ƙulla shi.

Yanzu ga allon nan da ke ƙara maka mintoci. Ba mutum ke rubuta shi ba. Kwamfuta ce take duba wuri na ƙarshe da jirgi ya wuce, ta ɗora lokacin da ya saba ɗauka zuwa tasharka, ta fitar da amsa. Ba ta san jirgin a tsaye yake a gaban jar fitila ba, ba ta san ba shi da direba ba. Lokaci na wucewa tana matsar da adadin gaba, haka za ta yi ta yi har sai wani ɗan adam ya shiga ya rubuta cewa an soke shi, ko ya juya a tasha kaza. A ranar babban rikici canje-canjen ɗaruruwa ne, masu shigar da su kuwa mutum biyu ko uku. Daga nan ake samun allo ya faɗi ɗaya, lasifika ta faɗi wani, manhajar waya ta faɗi na uku. Birtaniya ta yi ƙoƙarin maganin wannan da tsarin Darwin, rumbu ɗaya da allunan tashoshi da shafukan intanet da manhajoji duk suke ɗiba daga ciki. Manhajojin taswira a duniya kuma yawanci suna karɓar bayanai ne ta tsarin GTFS, wanda Google da hukumar sufurin Portland ta Amurka suka fara a 2005, aka ƙara masa sashen bayanan nan-take a 2011. Duk da haka rumbu ba ya ba da abin da ba a zuba masa ba.

Ƙa'idar da kamfanonin Birtaniya suka amince da ita a kan wannan mai kyau ce, ko ina ma za ta yi aiki. Saƙon farko ya fita cikin minti 10, ko da abin da zai ce kawai shi ne akwai matsala a wuri kaza, ana dubawa. Bayan haka a riƙa sabuntawa duk minti 20. Kowane saƙo ya ƙunshi abu uku: mene ne ya faru, me zai shafa, me fasinja zai yi. Kwatanta waɗannan biyun. Na farko: "Muna ba da haƙuri bisa jinkirin da aka samu sakamakon wasu matsalolin aiki. Za mu sanar da ku da zarar mun samu ƙarin bayani." Na biyu: "Babu jirgin da zai shiga birni ta wannan layin kafin ƙarfe 10. Ƙarfen canja hanya ne ya lalace a mahaɗar gaba. Mai sauri ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, tikitinsa na aiki a can. Zan sake magana ƙarfe 8:20, ko da babu sabon labari." Na farkon ladabi ne zalla, ba abin da za ka yi da shi. Na biyun ba wanda zai iya faɗinsa sai shugaban ɗaki ya riga ya yanke shawara, ya kuma yarda ya ambaci ƙarfe 10 alhali yana iya yiwuwa a gama ƙarfe 9. Kamfanoni suna tsoron wannan. Sun fi son su ce minti 20, sannan wani minti 20, kada a ce sun kori fasinja a banza. Ni kuwa a ganina gara a faɗi lokaci mai nisa a gama da wuri, domin wanda aka ce wa awa biyu zai nemi wata hanya, ya rage cunkoson dandamali, wanda aka ce wa minti 20 sau shida kuwa ba zai sake yarda da lasifika ba.

Shafukan sada zumunta sun taimaka, amma gidan aro ne. A Afrilun 2023 hukumar sufurin New York ta daina saka sanarwar jirage a Twitter saboda sauyin dokokin shafin da batun kuɗi, ta dawo bayan kusan mako guda. Kuma ba kowa ke riƙe da waya ba. Kurma allo yake dogara da shi, makaho lasifika, mai keken guragu kuma idan aka canja dandamali saura minti 2, an bar shi ke nan. Wani lokaci ma za ka ga an rufe ƙofar tasha an tsayar da mutane a waje. Ba wulaƙanci ba ne, tsoron turmutsitsi ne. Ranar 29 ga Satumba 2017 mutane 23 suka rasu a gadar ƙafa ta tashar Elphinstone Road a Mumbai, lokacin da ruwan sama ya cunkushe jama'a wuri ɗaya.

Inda shiru ke zama haɗari na gaske shi ne jirgin da ya maƙale tsakanin tashoshi. Da yammacin 2 ga Maris 2018, a Lewisham da ke kudancin Landan, ƙanƙara ta lulluɓe ƙarfen da ke ba jirage wuta, wanda a wannan yankin a ƙasa yake kusa da dogo. Jirgi ɗaya ya kasa ja, na bayansa ya tsaya ya toshe mahaɗa. Wannan na bayan cike yake maƙil, ba shi da bayan gida, kuma dandamali na nan kusa ana hangensa. Bayan fiye da awa ɗaya wasu suka buɗe ƙofa suka dira kan layi. Da mutum ya taka layi dole a kashe wuta. Da aka kashe, sauran jiragen yankin ma suka tsaya, har tara, zafin taragu ya ɗauke cikin tsananin sanyi, wasu fasinjojin ma suka fita, aka kasa mayar da wuta. Wasu sun yi awa huɗu da rabi a ciki. Binciken da aka yi ya nuna an makara wajen gane cewa lamarin ya zama na gaggawa. Daga irin wannan ne ake koya wa direbobi su yi magana cikin mintoci kaɗan da tsayawa, su kuma ci gaba da yi, ko da babu sabon abu. Mutumin da ya ji murya ya san ba a manta da shi ba. Kai ma in ka taɓa samun kanka a ciki, kada ka sauka sai ma'aikata sun ce. Ban da haɗarin wuta da jiragen layin kusa, saukarka za ta ƙara wa kowa awanni.

Misalin da ya fi nuna abin da na faɗa da farko shi ne na Mayun 2018 a Birtaniya. Ranar 20 ga watan aka sauya jadawali babban sauyi, alhali ba a gama horar da direbobi a kan sababbin hanyoyi ba. Jiragen Thameslink da Northern suka rikice makonni. Hukumar da ke sa ido ta yi bincike ta ce babu wanda ya riƙe ragamar lamarin. A 2019 ta ci tarar kamfanin Govia Thameslink fam miliyan 5, ba don soke jirage ba, don rashin ba fasinja bayani. Akwai jiragen da aka cire daga jadawali ba a faɗa wa mutane sarai ba sai bayan makonni. Akwai waɗanda aka mayar a ƙurarren lokaci, suka riƙa isowa tasha ma'aikata ba su san da zuwansu ba, balle inda za su tsaya. Abin bai lafa ba sai a Yuli, da aka fito da jadawalin wucin gadi mai ƙarancin jirage wanda za a iya cikawa.

Abu ɗaya ne ake sakaya shi da gangan. Idan jirgi ya buge mutum, sanarwa takan ce jami'an agaji suna aiki a kan layi, ba ƙari. Ana yin haka don iyalinsa, don direban, kuma don kada bayani dalla-dalla ya ja wani mai damuwa ya kwaikwaya. In ka ji irin wannan, ka ƙaddara awa ɗaya zuwa biyu, domin sai 'yan sanda sun gama nasu.

Ka kuma san yadda ake auna su, domin ma'auni ke gyara hali ko ya ɓata shi. A yawancin jiragen jeka-ka-dawo na Amurka, jirgin da ya isa ƙarshen layi cikin minti 5 da sakan 59 bayan lokacinsa ya zo a kan kari. A Jamus ƙasa da minti 6 ne, a Suwizalan minti 3. Inda ƙarshen layi kaɗai ake dubawa, tsallake tasharka riba ce ga kamfani. A Birtaniya jirgin da aka cire kafin ƙarfe 10 na daren jiya ba ya shiga lissafin waɗanda aka soke, sai a 2023 hukuma ta sa a riƙa fitar da adadinsu. Hong Kong ta ɗaure kamfanin MTR da cewa ya sanar da hukumar sufuri cikin minti 8 idan tsaiko zai kai minti 8, kuma jinkirin minti 31 ko fiye yana jawo masa tara. Sai dai matsin lamba ma yana da iyaka. Ranar 25 ga Afrilu 2005, a Amagasaki ta Japan, wani matashin direba da ya makara kimanin minti ɗaya da rabi ya shiga kwanar da iyakar gudunta kilomita 70 ne a awa da gudun 116. Mutane 107 suka mutu har da shi. Bincike ya tabo irin horon ladabtarwa mai tsanani da direbobi ke tsoro idan sun yi kuskure. Duk wanda ke yaba wa Japan kan kiyaye lokaci ya riƙa tuna wannan.

Haƙƙinka kuma ya danganta da inda kake. A Birtaniya, ƙarƙashin tsarin Delay Repay, yawancin kamfanoni na mayar da kashi 25 cikin 100 na kuɗin tafiyar daga minti 15, rabi daga minti 30, duka daga awa ɗaya, ko mene ne dalili. Dokar Tarayyar Turai ta ce kashi 25 daga minti 60, kashi 50 daga minti 120, amma ta bar wa ƙasashe damar cire jiragen birni da kewaye daga ciki. A Japan takardar shaidar jinkiri ake bayarwa, yawanci daga minti 5, ka kai wa mai gidanka a wurin aiki ko makaranta.

A dandamali kuwa, kada ka tambayi ma'aikaci yaushe jirgi zai zo. Tambaye shi ina jirgin yake yanzu, kuma yana motsi ko a tsaye yake. Wannan yana iya gani a na'urarsa. In lokacin allo ya matsa sau uku, ko adadin ya ɓace aka bar kalmar jinkiri kawai, nemi wata hanya. In kuma za ka rubuta koke, kada ka tsaya a kan ɓacin rai. Ka nemi su faɗa maka ƙarfe nawa matsalar ta faru, ƙarfe nawa suka ayyana shirin ko-ta-kwana, ƙarfe nawa sanarwar farko ta fita. Duka ukun suna cikin littafin ɗakin kula, domin a can ana rubuta komai da lokacinsa.